Ba Kowane Yaƙi Ba Ne Burmi: Ƙorafina a Kan Wasannin Yaƙi na Kwamfuta

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a falon gidanmu da ke Unguwar Rimi ni da ɗan yayana, muna buga Rome: Total War a wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu, sai Kawu ya shigo ya ja kujera ya zauna bayanmu. Kawu tsohon soja ne, ya je Laberiya a rundunar ECOMOG, kuma ba mai yawan magana ba ne a kan abin da ya gani can. Yaron ya gama kora abokan gaba, allon sakamako ya fito: an kashe musu mutum 2,800 daga cikin 3,000, mu kuma mun rasa 190. Ya waiwaya yana jiran yabo.

Kawu ya daɗe yana duban lambobin, sannan ya ce, “Abokina, ina masu rauni? Wa ya ɗauke su?” Yaron ya ce, “Kaka, ai babu masu rauni, duk sun mutu, da suka gudu na bi su da dawakai.” Kawu ya ce, “To dawakan naka ba su jin ƙishi? Dare bai yi ba? Mutanenka ba wanda ya tsaya kwasar ganima?” Muka yi dariya, aka kira magariba, maganar ta wuce. Amma ni ba ta bar ni ba, domin shekara fiye da 15 ina buga irin waɗannan wasanni, kuma tambayoyin nan na tsoho sun taɓa ainihin abin da ya daɗe yana damuna game da su.

Ra'ayina shi ne, gaskiyar wasan yaƙi na tarihi ba ta cikin kyawun hoto, ko yadda aka zana sulke da kwalkwali, ko yawan gawarwakin da aka zube a fili. Tana cikin dokokin da ke sa mayaƙi ya ji tsoro ya gudu, ya kamu da ciwo, ya ji yunwa, ko ya ƙi jin umarni. Mafi yawan wasannin da ke kiran kansu na tarihi sun kashe kuɗinsu a kan na farko, sun yi wa na biyun riƙon sakainar kashi.

Mu fara da lissafin matattu. A yaƙin Watalu na ranar 18 ga Yuni, 1815, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Napoliyon, Faransawa sun shiga fili da mutum kimanin 72,000, kuma waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata a cikinsu sun kai kimanin 25,000. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, a ranar da Turai ke lissafawa cikin mafi munin ranakun zubar da jini na wancan zamani, kuma ko a cikin wannan adadi masu rauni sun fi matattu yawa nesa ba kusa ba. Sauran sun watse ne, wasu an kama su, wasu sun yar da bindiga sun nufi gida. A kwamfuta kuwa, idan ka kashe kashi ɗaya cikin uku na abokan gabanka kawai, sai ka ji kamar ba ka yi abin kirki ba.

Ba na musun cewa an taɓa share runduna gaba ɗaya. A yaƙin Kanne na shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj ta Arewacin Afirka, ya yi wa Rumawa ƙawanya, kuma marubutan dā sun ƙiyasta matattunsu tsakanin 48,000 da 70,000. Amma dalilin da ya sa har yau ake karanta wannan yaƙi a makarantun hafsoshi shi ne ba a saba ganin irinsa ba, kuma kisan ya yi yawa ne saboda an toshe hanyar gudu ta kowane ɓangare. Wasa kuwa yana ba ka Kanne sau uku kafin a ɗauke wuta.

Tarihinmu ma ya isa misali, kuma shi ya fi bayyana mini abin. Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta gwabza da sojojin Turawan Ingila a bayan ganuwar Sakkwato, a yaƙin da muke kira na Giginya. Cikin safiya ɗaya aka gama, domin da igwa da bindiga mai ruwa suka fara aiki, galibin jama'a sun janye, kuma ba wai an kashe su ba ne. Attahiru ya yi gabas, mutane masu yawa suka bi shi, har zuwa Burmi, a jihar Gwambe ta yanzu, inda ranar 27 ga Yuli na wannan shekara aka yi karon ƙarshe, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Sarki ɗaya ne, abokan gaba ɗaya, makamai kusan iri ɗaya, tsakani wata huɗu kacal, amma a wuri na farko runduna ta watse, a na biyun mutane sun tsaya har mutuwa. Abin da ya bambanta su yana cikin zukatan mutanen: waɗanda suka kai Burmi su ne waɗanda suka riga suka bar gida da gona suka yi hijira, kuma ba su da sauran inda za su koma. Wasan da ke ba kowane mayaƙi ma'aunin rai iri ɗaya, wanda yara ke kira laif, ya sa shi ya ci gaba da sara har ma'aunin ya ƙare, ya mayar da kowane yaƙi Burmi ke nan, kuma da yin haka ya rage wa mutanen Burmi darajar abin da suka yi. Age of Empires II, wanda ya fito a 1999 kuma har yau ina son sa, haka yake: ɗan baka ɗaya zai tsaya gaban barade hamsin yana harbi ko gezau, sai dai idan kai ka janye shi.

Dole in yi wa kamfanin Creative Assembly, masu yin wasannin Total War, adalci a nan, domin tun daga Shogun: Total War na shekarar 2000 suka sa karyewar zuciya a tsakiyar dokokinsu. Idan aka ɓullo wa rukuni ta baya, ko aka kashe sarkin yaƙinsu, ko suka ga maƙwabtansu sun juya, sai su zubar da tsari su ruga, kuma a lokacin ne dawakai ke yi musu ɓarna. Wannan daidai ne, domin a yaƙe-yaƙen takobi da mashi, kisa mafi yawa yana faruwa ne bayan an karya runduna. Inda suka yi sake shi ne wajen bin. A wasa, mahayanka suna bin masu gudu cikin natsuwa kamar masu girbin gero, ɗaya bayan ɗaya har iyakar fili. A zahiri, sarkin yaƙin da ya ci nasara yakan wayi gari da rundunar da ita ma ta wargaje, wani yana neman ɗan'uwansa cikin waɗanda suka faɗi, wani ya kama doki biyu ya nufi sansani, wani yana tsaron fursunan da yake sa ran fansa.

Sai kuma babban mai kisa, wanda ba ya riƙe takobi. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, an daɗe ana ƙiyasta sojojin da suka mutu da kimanin 620,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, musamman atuni da zazzaɓin taifod. A yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ma, sojojin Ingila da ciwo ya kashe sun ninka waɗanda harsashi ya kashe. Kowa ya san cewa sanyi ya cinye rundunar Napoliyon a Rasha a 1812, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daga cikin fiye da mutum 400,000 da suka tsallaka iyaka a watan Yuni, kimanin 130,000 ne suka tsaya a filin Borodino a watan Satumba, tun ƙanƙara ba ta sauka ba. An bar wasu suna gadin garuruwa da hanyoyi, gaskiya ne, amma zafi da yunwa da gudawa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da masu sulalewa da dare, su suka ci kaso mai tsoka. Napoleon: Total War na 2010 ya shigo da dokar zaizayewar runduna a cikin sanyi da hamada, Europa Universalis IV na 2013 kuma yana rage maka mayaƙa duk wata idan ka jibge su inda ƙasa ba za ta iya ciyar da su ba. Na yaba, amma a duka biyun abin ya tsaya a matsayin ɗan haraji da kake biya, sannan rundunar ta sake cika da kanta idan ka koma ƙasarka, kamar rijiyar da aka yashe.

Tun da na ambaci Europa Universalis IV, bari in ɗan ratse. Ranar da na fara ganin Kano da Katsina da Zazzau a taswirarsa, a matsayin ƙasashen da mutum zai iya ɗauka ya mulka tun daga 1444, na yi murna ƙwarai, har na kira abokai biyu a waya. Murnar ta ragu da na ga cewa zan iya ɗaukar barade daga Zazzau a tsakiyar watan Agusta in nausa da su kudu cikin kurmi, ba tare da dawakan sun ƙare ba. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa yaƙi aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, domin dakaren da ke riƙe da baka shi ne manomin da ke riƙe da fartanya, kuma idan damina ta faɗi rafuka sun cika, ko Madawaki bai isa ya hana shi tunanin gonarsa ba. Kudu kuma akwai ƙudan tsando, wanda ya yi wa dawakin Arewa iyakar da ganuwa ba ta yi musu ba. Dokar damina da dokar tsando kaɗai da sun koya wa ɗan wasa tarihin yankin nan fiye da dogon bayanin da ake rubutawa a gefen allo.

Wani abin kuma shi ne yadda wasanni ke auna ƙarfi kamar a sikelin mai awo, wato mai makami mafi tsada shi ne da nasara. A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, galibinsu masu baka ne a ƙasa da dawakai 'yan kaɗan, amma su suka ci. Bayan wata shida, a Tsuntsuwa, wannan jama'a ta sha kashi mai tsanani, inda aka ruwaito cewa an rasa kimanin mutum 2,000, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. A Satiru, kusa da Sakkwato, a watan Fabrairun 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun auka wa sojojin mulkin mallaka masu bindiga a kan dawakai kafin su gama tsayawa a tsari, suka kashe Turawa 3 da sojoji kimanin 25. Da aka dawo musu a watan Maris da shiri, an kashe kimanin mutum 2,000 an rushe garin.  Abin da ya canja tsakanin karon farko da na biyu shi ne yawan sojoji da tsari da shiri da mamaya, kuma wasan da bai bar wa irin wannan rana ƙofa ba, bai san yaƙi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an warware rabin matsalar nan shekara 200 da suka wuce, ba tare da lantarki ba. A 1824 wani hafsan igwa na Furushiya, ɗaya daga ƙasashen Jamusawa na dā, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wasan taswira da ake kira Kriegsspiel, wanda mahaifinsa ya fara. A cikinsa akwai alƙali a tsakani. Kai ba ka ganin komai sai abin da mutanenka za su iya gani, kana rubuta umarni a takarda, alƙali ya lissafa lokacin da manzo zai ɗauka kafin ya isar, sannan a jefa ƙwayar lido a duba jadawali don sanin asarar da aka yi. Atisayen taswira da makarantun hafsoshi ke yi a duniya, irin kwalejin da ke Jaji a nan kusa da mu, jikokin wannan wasa ne. Mu kuwa a kwamfuta muna shawagi sama da fili kamar shaho, muna ganin kowane lungu, mu danna sau ɗaya mutum 200 su juya a take, babu ƙura, babu manzon da ya ɓata hanya, babu hakimin da ya ji tambari ya yi kamar bai ji ba don yana da ƙullin sarauta a zuciyarsa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Wasa wasa ne, kamfani kasuwa yake nema, kuma ba wanda zai kashe kuɗinsa da datarsa don ya zauna yana kallon rundunarsa tana fama da gudawa. Na yarda, shi ya sa ba na neman a cire nishaɗin, ba na kuma ƙorafi a kan wasannin dodanni da tsafi da ba su yi wa kowa alkawarin tarihi ba. Abin da nake nema daga waɗanda suka rubuta tarihi a goshinsu shi ne su ba da zaɓi mai tsauri ga mai so: allon sakamako ya raba matattu da masu rauni da fursunoni da waɗanda suka ɓace, kamar yadda Medieval: Total War na 2002 ya fara da maganar fursunoni da fansa, masu rauni su rage wa runduna sauri, tun da Kawu ya ce mutum ɗaya da aka harba a cinya yana cire mutum biyu ko huɗu daga fagen fama, umarni ya ɗauki lokaci kafin ya isa, tsohon mayaƙin da aka rasa kuma kada sabon ɗauka ya maye gurbinsa cikin wata biyu.

Kafin su yi, mun ƙirƙiro tamu dokar a gida. Da zarar abokan gaba sun karye, ba a bin su fiye da minti ɗaya, ba a tsayar da wasa don ba da umarni, kuma rundunar da ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu sai ta zauna a gari zagaye uku na wasan kafin ta sake fita. Ɗan yayana ya yi gunaguni a daren farko, domin Gaulawa, abokan gaban Rumawa a wasan, da ya bari suka tsere sun dawo masa bayan zagaye biyar da sabon sarkin yaƙi, suka ƙwace garin da ya sha wahalar ci. Jiya na iske shi ya ajiye rukuni biyu na masu mashi a baya bai sa su a faɗa ba, da na tambaye shi dalili, ya ce na tsare hanyar janyewa ne.