Mai ɗorin Turawa yana da lasisi, namu yana da zaure

A watan Janairun da ya wuce dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a nan Davenport, jihar Iowa. Da asuba na ɗauki shebur na fita kwashe ta daga bakin ƙofa, don a ƙasar nan in ka bar ta wani ya zame ya faɗi, kai za a tuhuma. Ina cikin ɗagawa kwankwasona ya ƙulle. Ranar a zaune na yi sallolina. Wani abokin aikina ɗan Togo, wanda muke taɓa hira da Hausar zango lokacin cin abinci, ya ce in bar haɗiyar ƙwayoyi in je wurin kairofirakta, masu gyaran gadon baya da hannu. Ya ce ai a garin nan aka haifi sana'ar.

Bari in kwatanta muku wurin, don wanda bai gani ba ba zai gane abin da ya ɓata mini rai ba. Ofis ne a jerin shaguna, tsakanin mai fiza da mai wankin kaya. Kana shiga ƙamshi zai tare ka, ga kiɗa a hankali, ga kifaye masu launi suna yawo a akwatin gilas. Wata mata a bayan kanta ta karɓi katin inshorata, ta miƙo mini takardu a jikin ɗan allo. Akwai zanen mutum gaba da baya, wai in sa alama inda yake mini ciwo, in kuma zaɓi lamba daga 1 zuwa 10 gwargwadon zafin. An tambaye ni ko na taɓa ciwon daji, ko ina shan maganin tsinka jini, ko ƙafata tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini. Shafin ƙarshe sa hannu ne cewa an faɗa mini haɗarin aikin kuma na amince. A bango an jera takardun shaida cikin firam, a gefe ga ƙashin baya na roba a rataye, jijiyoyi rawaya suna leƙowa ta tsakanin gaɓoɓinsa.

Gadon aikin siriri ne, da rami inda za ka cusa fuska, an shimfiɗa farar takarda da ake yagewa bayan kowane mutum. Mutumin ya sa na yi tafiya yana kallo, ya sa na sunkuya iya inda zan iya, ya ɗaga ƙafata, ya buga mini gudumar roba a gwiwa, sannan ya bi gadon bayana da yatsu gaɓa gaɓa. Ya kwantar da ni a gefe, ya lanƙwasa gwiwar sama, hannu ɗaya a kafaɗata, damtsensa a ƙuguna. Ya ce in ja numfashi in sake. Ina sakewa ya danna da sauri, sai ji na yi ƙas, kamar an karya busasshen kara. Gaskiya na ji sauƙi.

Ina ɗaura takalmi ya tambaye ni daga ina nake. Na ce arewacin Najeriya, na ƙara da cewa mu ma muna da masu irin wannan aikin, masu ɗori, gadon gidansu ne. Ya yi murmushi ya ce, “Bokayen nan ko? Na taɓa ganinsu a talabijin.” Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi mini zafi.

To jama'a, ku zo mu duba asalin wanda yake kiran namu boka. A kan tudun titin Brady a garin nan akwai Kwalejin Palmer, inda aka kafa mutum-mutumin wanda ya ƙirƙiro sana'ar, Daniel David Palmer. An haife shi a Kanada a 1845. Ya yi sayar da kayan masarufi, daga baya ya koma abin da suke kira warkarwa da maganaɗisu, wato shafa majiyyaci da hannu da sunan gyara wani ƙarfi da ke yawo a jiki. Bai taɓa zama a ajin koyon likita ba. A watan Satumban 1895 ya danna wani ƙulli a bayan Harvey Lillard, wani baƙar fata mai share ginin da ofishinsa yake, ya ce kurumtar da mutumin ya yi shekara 17 da ita ta tafi. Kowane ɗalibin likita ya san jijiyar ji a cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta gadon baya. Palmer bai tsaya nan ba. Ya ce kashi 95 cikin 100 na cututtuka gocewar ƙasusuwan baya ce ke kawo su, ya kuma ce ilimin ya zo masa ne daga ruhun wani likita da ya riga ya mutu, mai suna Jim Atkinson. Don Allah in mai ɗori a Kano ko Damagaram ya ce aljani ne ya koya wa kakansa, wane suna 'yan bokonmu za su ba shi?

Kuma su ma Turawan ba su karɓe shi hannu biyu ba. A 1906 an ɗaure Palmer a kurkuku saboda yin magani ba lasisi. Makarantar da ya buɗe a 1897 ɗansa B.J. Palmer ne ya riƙe ta, shi kuwa ya san kan talla: a 1922 ya mallaki gidan rediyon WOC, inda Ronald Reagan ya fara sharhin wasanni tun kafin ya yi mafarkin shugabanci. Jiha jiha suka bi suna neman doka ta san da su. Kansas ta fara a 1913, Louisiana ce ta ƙarshe a 1974. A 1963 ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti musamman don yaƙar su a matsayin likitocin bogi, har sai da wata alƙaliyar kotun tarayya a Chicago ta yanke hukunci a 1987 cewa ƙungiyar ta haɗa baki don kashe musu sana'a. Kusan shekara 80 suna kokawa kafin kowace jiha ta ba su lasisi. Yau inshorar gwamnati ta tsofaffi tana biyan kuɗin danna baya, tun 1972.

Shi kansa aikin ba wani asiri a ciki. Ƙasusuwan gadon baya 33 ne, 24 daga ciki suke motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi, ta baya kuma ƙananan gaɓoɓi masu ruwa mai santsi. Abin da mai gyaran yake yi shi ne ya kai gaɓar ƙarshen inda take motsawa, sannan ya ƙara mata ɗan turi gajere da sauri. Ƙarar da ka ji kumfar iska ce ta samu a cikin ruwan gaɓar, irin wadda kake ji in ka ja yatsanka. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta sun ɗauki hoton faruwar hakan a yatsa da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Wanda ƙashin bayansa ya goce da gaske, motar asibiti ce ke ɗaukarsa. Hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya da kanta ta faɗa a 2010 cewa babu hujjar bincike da ta nuna gocewar da Palmer ya yi ta magana a kai tana haddasa cututtuka.

Inda aikin yake da amfani shi ne ciwon baya irin na yau da kullum, irin nawa. Yana rage zafi, gwargwadon yadda gashi da tausa da motsa jiki suke ragewa, kuma a 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta sa shi cikin abubuwan da za a gwada kafin a koma ga ƙwayoyi. Yawancin irin wannan ciwon ma yana tafiya da kansa cikin makonni. Murɗa wuya kuwa ni ban yarda an yi mini ba, don ko da yake ba kasafai ba, an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta yage bayan murɗar, ɓarin jiki ya shanye. Masu cewa suna maganin asma da ciwon cikin jarirai ma suna nan. Da marubuci Simon Singh ya ƙaryata su a jarida a 2008, ƙungiyarsu ta Birtaniya ta kai shi kotu, a 2010 ta janye ƙarar.

Na san abin da wasunku za su ce: je asibitin ƙashi na Dala ka tambayi likitoci irin ɓarnar da masu ɗorinmu suke yi. Na sani. Na san yaron da aka ɗaure wa hannu da karare aka matse tamau, yatsu suka kumbura suka yi baƙi, aka ce a yi haƙuri ɗori ne yake kamawa, ƙarshe aka yanke hannun. Na san ciwon baya a wurinmu wani lokaci tarin fuka ne ya ci ƙashin, danna shi kuwa gurgunta mutum ne. Tambayoyin nan da aka yi mini a takarda, amfaninsu ke nan: a gane wanda ba za a taɓa ba. Baturen da ya gyara mini baya ya yi wajen shekara huɗu a makarantar sana'ar, ya feɗe gawa, ya koyi karanta hoton ƙashi, ya ci jarrabawar ƙasa, kuma in ya wuce iyakarsa akwai mai ƙwace lasisin. Wannan na ba su.

Amma wa ya rubuta wa namu iyakar? Nasu ya fara da ruhun mamaci, aka gina masa makaranta, aka tace, aka zubar da wani aka riƙe wani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da su a 2005. Namu ya fara da ƙashi na gaske, karaya da targaɗe da gocewar kafaɗa, abin da hannu yake ji ido yake gani, tun kafin a san akwai wata jiha Iowa. Muka bar shi a zaure. Da rana ɗan boko ya kira shi jahili, da daddare ɗansa ya faɗo daga babur ya lallaɓa da shi can. Abin da zai hana a yanke hannun yaron nan bai fi a zaunar da masu ɗori a nuna musu ba: kada a matse, a riƙa duba yatsu, karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, a tura a yi hoto kafin a ja. An yi wa ungozoma irin wannan horon, duniya ba ta tashi ba. Raini ne kawai, kuma rainin namu ya riga na Bature.

Ni da na tashi ina ganin Baba Sarkin Ɗori na unguwarmu, ba wanda zai ce mini hannunsa bai san aiki ba. Tabarma, ƙwaryar man shanu, bisimilla da tofi. Zai tambaye ka ɗan gidan wa, ya ce ai shi ya ɗora wa babanka ƙafa, ya ja ka da hira har ka saki jiki, sannan ya ja. Kuɗi kuwa abin da ya sawwaƙa, wani goro ne, wani kaza. Ka koma gida ka tarar da 'yan dubiya sun riga ka, wannan da kunu, waccan da farfesu, kowa da sannu a baki, har ka gaji da amsawa. A nan kwanakin da na yi kwance ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Saƙo biyu suka riƙa shigowa wayata: na ofishin mai gyaran baya yana tuna mini ranar komawa da tarar da zan biya in na saɓa, da na wurin aiki suna neman takardar likita. Maƙwabcina da muka haɗa bango ya gan ni ina tafiya a karkace, ya ɗaga mini hannu ya shige motarsa. A zuwana na gaba kuma aka miƙo mini takardar tsarin zuwa na watanni, wai in na biya gaba ɗaya akwai ragi. Duk aikin bai kai tsawon gaisuwar Baba ba.

Ƙanena ya faɗa mini Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Babban ɗansa yana tuƙin adaidaita sahu, na biyun yana sayar da waya a Farm Centre, ba wanda ya ɗauki gadon. Ban ga laifinsu ba, wa zai riƙe sana'ar da ake kunyar a gan ka a ƙofarta? Yanzu Inna in bayanta ya motsa kemis ake kai ta a yi mata allura, yaron kemis ɗin ko sakandare bai gama ba.

Da na kawo maganar nan a zauren WhatsApp na gidanmu, wani yayana ya ce, “Kai da ka gudu ka bar mu, daga cikin ƙanƙara za ka koya mana kishin gida?” Wasu suka sa hoton dariya. Wannan maganar ta ishe ni, kuma ba ni kaɗai ake yi wa ita ba. Duk wanda yake waje, ranar da ya turo kuɗi ɗan gida ne, ranar da ya buɗe baki baƙo ne. Ba yawon shaƙatawa ya kawo ni sito ina ɗaga kwali tsaye tun safe ba, kuma kowa a zauren ya san abin da ya fitar da ni. Ban ba shi amsa ba, yaya ne. Na dai rubuta wa ƙanena a gefe cewa a daina kai Inna kemis, a kai ta Dala a yi hoton bayan a ga abin da ke ciki, zan turo kuɗin ƙarshen wata.