Sai Ya Tuɓe a Kasuwa Sannan Za Ku Yarda Ba Shi da Lafiya?

Ranar Talatar da ta gabata na ranci kuɗin adaidaita sahu a wajen maƙwabciyata, na bar yara da sauran ɗumame, na nufi ofishin da aka ce shi ne ke kula da jin daɗin 'yan sanda da iyalansu a jiharmu. Mijina sajan ne a rundunar kwantar da tarzoma, shekararsa 17 cikin kaki, kuma a fitarsa ta ƙarshe wata 8 ya yi a dazukan Zamfara. Mutum 3 daga cikin waɗanda suka tafi a mota ɗaya ba su dawo ba, ɗayansu ma a kan cinyarsa ya cika. Tun da ya dawo barci ya ƙaurace wa idonsa, sai ya kwana zaune a bakin gado yana sauraron abin da ni ba na ji. Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne ranar da 'yarmu mai shekara 6 ta saki murfin tukunya a kan siminti, kafin in juyo ya riga ya shaƙe wuyan rigarta ya danne ta a ƙasa, da ya gane 'yarsa ce kuwa sai ya zube ya fashe da kukan da ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba. Duk matar da ke zaune a bariki ta san wannan labari, sunan miji ne kawai yake bambanta.

Na isa ofishin ƙarfe 9 na safe, aka nuna mini benci, ban samu shiga ba sai da aka kusa kiran azahar. A tsawon wannan zama na haddace wata takarda mai ƙyalli da aka manna a bango, ɗauke da hoton ɗan sanda yana murmushi da haƙora farare tas, an rubuta da Turanci cewa lafiyar ƙwaƙwalwar jami'i abar kulawa ce, kada ya yi shiru da damuwarsa. Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce ashe na zo inda ya dace.

Jami'in da na tarar a ciki yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan waya. Na durƙusa na ce, "Yallaɓai, barka da aiki." Bai ɗago ba ya ce, "Matar wa?" Na faɗi suna da lamba. Ya ce, "Rasuwa ce ko rauni?" A nan na fahimci cewa a wannan ofis ɗan sanda iri biyu ne kawai aka sani, wanda aka binne da wanda aka yanke wa ƙafa. Na ce, "Yallaɓai, yana nan da ransa, jikinsa kuma babu ko ƙwarzane, amma ba ya barci, yana firgita, ina tsoron kada ya illata kansa ko yaranmu." Sai a lokacin ya ɗago, ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifas, ya juya ga abokin aikinsa ya ce, "Ka ji Madam, wai mijinta ba ya barci. To mu wa ya gaya mata muna barci?" Suka yi dariya har da buga tebur, ni kuwa ina durƙushe kamar mai neman gafara.

Da dariyar ta lafa sai ya fara duba mijina daga nesa, tun da ga alama Allah ya hore masa ilimin likitanci a tsakanin ɓawon gyaɗa. "Yana tuɓe tufafi?" Na ce a'a. "Yana tsince-tsince a bola?" Na ce a'a. "Ya san sunansa, yana kuma sara wa na gaba da shi?" Na ce yana yi. Ya watsa gyaɗa a baki ya ce, "To lafiyarsa ƙalau, ki nemi malami ya yi masa ruƙiyya, ki kuma rage masa mita a gida." Na haɗiye abin da ya taso mini, na gaya masa cewa an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi sadakar ƙosai ranar Juma'a, kuma malamin da kansa ne ya ce mu haɗa da asibiti. Sannan na nuna masa takardar bango na ce, "Yallaɓai, wannan fa?" Ya waiga kamar yau ya fara ganinta, ya ce, "Wannan ai ta taro ce, manya suka je suka kawo, an yi an gama."

Abin da ya biyo baya ya fi dariyar ciwo, domin ya sassauta murya ne kamar mai yi mini alheri. Ya ce in yi wa kaina faɗa, idan har ya rubuta wannan magana a fayil to za a karɓe bindigar mijina, a ajiye shi gadin ƙofa, alawus ya tsaya, ƙarin girma ya wuce shi, kuma sunan mahaukaci zai bi gidanmu har 'ya'yana mata su rasa manema. Ya ce idan duk da haka na nace, in kawo naira 2,000 na buɗe fayil. Da na ce kuɗin komawa gida kawai ke ƙulle a bakin zanena, sai ya mayar da idonsa kan waya ya ce, "To ki dawo idan abin ya yi tsanani." Har na fito ina tambayar kaina wane tsanani yake nufi, gawar yarinyar ce zai karɓa a matsayin shaida ko ta uban?

Ban zargi wannan bawan Allah shi kaɗai ba, domin da ganin jajayen idanunsa shi ma yana buƙatar wanda zai saurare shi. Waɗanda nake tuhuma su ne masu sa hannu a takardu a Abuja. A shekarar 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da doka, aka yanka masa rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, da wani ɗan kaso daga ribar kamfanoni, aka ce za a kashe a kan horo da kayan aiki da jin daɗin jami'ai. Motoci mun gan su a talabijin an jera, an ɗaura musu kyalle, manya suna yanke zare. Shin ƙwaƙwalwar wanda zai tuƙa motar ya shiga daji ba ta cikin kayan aiki ne? Ko kuwa laifinta shi ne ba a bayar da kwangilarta, ba a kuma iya jera ta a fili a ɗauki hoto?

A watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS ta neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, cikin buƙatu 5 da matasa suka gabatar har da gwada lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an rundunar da aka rusa kafin a sake tura su aiki, da kuma ƙara wa 'yan sanda albashi, gwamnati ta ce ta amince. Wato waɗanda suka fito suna zagin 'yan sanda sun fi masu ba su umarni sanin inda ciwon yake. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, wadda Turawan mulkin mallaka suka bar mana, har da tanadin asusu na musamman a cikinta. Dokoki dai Allah ya yi mana arzikinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, su ma kullum jirgi na kwashe su zuwa Ingila da Saudiyya. Wanda ke bakin daji sai ya yi tattaki zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Barnawa ko Maiduguri da kuɗin aljihunsa, idan ma an ba shi izinin barin wurin aiki. Idan kuwa abin ya fi ƙarfinsa ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba, sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Penal Code yana jiran sa da ɗaurin da zai iya kai shekara 1, kuma abokan aikinsa ne za a aiko su kama shi.

A Amurka, inda manyanmu ke son zuwa kwas, tun 2018 suke da dokar da ta sa ma'aikatar shari'a ke ba rundunonin 'yan sanda tallafin kuɗi domin horar da jami'an da za su saurari 'yan'uwansu a asirce. Namu sun je sun gani, sun karɓi alawus na tafiya, abin da suka kawo mana tsaraba shi ne takardar mannawa a bango.

Jama'ar gari ma ba zan wanke su ba. Mu ne muke cewa namiji ba ya kuka, mu ne muke kiran firgita rashin tawakkali, har sai mutum ya koma neman magani a kasuwar mami ta bariki, inda burkutu da tramol ba sa tambayar lamba kuma ba sa buɗe fayil. Ranar da irin wannan mutum ya harbe direba a shingen bincike a kan naira 100, sai a fito da sanarwa a ce bindiga ce ta kuɓuce, a kore shi daga aiki, jama'a su tsine wa uwar da ta haife shi, babu wanda zai tambayi dare nawa ya yi bai runtsa ba, ko wa ya damƙa masa harsashi 30 bayan matarsa ta je ta durƙusa ta faɗi halin da yake ciki. Wanda ya lallaɓa ya kai shekara 35 yana aiki kuwa, mun ga makomarsa a watan Yulin 2025, lokacin da tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a ƙofar Majalisar Tarayya suna roƙon a fitar da su daga tsarin fanshon karo-karo kamar yadda aka fitar da sojoji.

Da na dawo gida ban gaya masa inda na je ba, na ce gidan suna na leƙa. Na kwashe wuƙaƙen girki na kai ɗakin maƙwabciyata, na kuma mayar da shimfiɗar yara can. Jiya da yamma sigina, wato takardar umarni, ta fito an manna a allon bariki, sunansa ne na 4 a jerin waɗanda za su koma daji ranar Litinin, kuma tun da asuba yake zaune a ƙofar ɗaki yana goge takalminsa.