Laƙabin da ke mayar da ɗan ƙasa baƙo a Amurka

A shekarar 1954, zamanin Shugaba Dwight Eisenhower, hukumar shige da fice ta Amurka ta yi wani gagarumin samame na kwasar 'yan Meziko da ke aiki a gonakin Kalifoniya, Arizona da Texas. Sunan da ta raɗa wa aikin shi ne Operation Wetback, wato farautar masu jiƙaƙƙen baya, habaici ga wanda ya tsallako kogin Rio Grande da iyo. Zagi ne na bakin titi, amma sai ga shi a kan takardar gwamnati da hatimi. An ɗebi dubban ɗaruruwan mutane a motocin safa da jiragen ƙasa da na ruwa, kuma a cikinsu har da waɗanda aka haifa a Amurka, waɗanda ba su taɓa tsallake kogin kowa ba.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe idan ya ji ana cewa ai kalma ce kawai. Laƙaban da ake jifan Amurkawa 'yan asalin Latin Amurka da su aiki guda suke yi: su ɗauki mutum mai suna da gari da zuriya, su mayar da shi baƙon da ya shigo ta katanga. Da zarar an yarda baƙo ne mai kutse, korarsa ko dukansa ba ya sake zama abin kunya.

Abin takaicin shi ne da yawansu sun riga masu zagin zama a wurin. Har zuwa 1848, Kalifoniya, Nevada, Utah, New Mexico da mafi yawan Arizona duk ƙasar Meziko ce. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo da ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen biyu ce ta miƙa su ga Amurka. Shi ya sa jikokin mutanen wurin ke cewa ba su ne suka tsallake iyaka ba, iyakar ce ta tsallake su. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1855, majalisar Kalifoniya ta yi dokar hana zaman kashe wando wadda a cikin rubutunta aka kira su da wani laƙabin mai nufin masu maiƙo, wato ƙazamai. Sunan ya bi dokar har yau a littattafan tarihi.

A Texas kuwa, a da, an daɗe ana kafa allo a ƙofar gidajen abinci mai cewa ba a yarda kare ko ɗan Meziko ya shiga ba. A irin wannan yanayi ne aka dawo da gawar Felix Longoria, sojan Amurka da aka kashe a Filifin a 1945. Gidan shirya gawa na garinsu, Three Rivers, ya hana matarsa ɗakin zaman makoki saboda kada ran Turawan garin ya ɓaci. Sai da Dakta Hector Garcia, mai fafutukar kare haƙƙin 'yan asalin Meziko, ya ɗaga murya, Sanata Lyndon Johnson ya shiga maganar, sannan aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington a Fabrairun 1949. Mutum ya ba da ransa saboda tuta, amma sunan da aka laƙaba wa danginsa ya fi jininsa nauyi a idon maƙwabtansa.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. To, mu matso kusa. A daren 8 ga Nuwamban 2008, a garin Patchogue da ke jihar New York, wasu samari bakwai 'yan makarantar sakandare suka fita neman wanda za su daka. Suna da suna da suke kiran wannan fitar tasu, wanda suka ƙera daga laƙabin beaner, wato maci wake, kamar yadda matasa ke sa wa wasan ƙwallo suna. Kusa da tashar jirgin ƙasa suka tare Marcelo Lucero, mai shekara 37, ma'aikacin shagon wanki da guga, yana tafiya da abokinsa. Suka kewaye shi, ya zare bel ɗinsa yana kare kansa, ɗayansu ya caka masa wuƙa a ƙirji. Ɗan Meziko suka fita nema. Lucero ɗan Ekwado ne. Su bambancin bai dame su ba, domin laƙabin ya riga ya haɗe ƙasashe kusan ashirin ya zuba a buhu ɗaya. Wanda ya yi sukar, ɗan shekara 17 a lokacin, an yanke masa shekara 25 a gidan yari. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan shari'a shi ne yadda yaran suka ɗauki abin a matsayin nishaɗin ƙarshen mako. Yaro ba ya farkawa da safe ya fara da wuƙa. Da kalmar yake farawa, a gida ko a filin makaranta, manya suna dariya.

Haka kuma a ranar 3 ga Agustan 2019 wani ya tuƙo mota daga yankin Dallas har El Paso, ya buɗe wuta a kantin Walmart, mutum 23 suka rasa rayukansu. Rubutun da ya bari a intanet yana maganar mamayar da ya ce masu jin Sifaniyanci na yi wa Texas, a garin da Sifaniyanci ya riga Ingilishi zuwa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wasa ne, ko kuma ai su ma suna faɗa wa junansu. A 2013 ɗan majalisar wakilai Don Young na Alaska ya yi amfani da laƙabin jiƙaƙƙen baya a wata hira ta rediyo, yana ba da labarin masu tsinkar tumatir a gonar mahaifinsa, ya ce haka ake faɗa lokacin yarintarsa. Shugabannin jam'iyyarsa ta Republican da kansu suka matsa masa ya nemi afuwa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wasan baki, don muna da taubasantaka. Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa a rabu ana dariya. Amma wasan yana tafiya ne saboda kowa na iya ramawa, kuma babu wanda maganar za ta sa a kore shi daga gari. Tsakanin mai gona da lebura marar takarda, wanda kiran waya ɗaya zai raba shi da 'ya'yansa, babu taubasantaka. Ɗaya ne ke faɗa, ɗaya yana haɗiyewa.

Kuma ba mu da nisa da lamarin. Hausawan Ghana, Nijar da Najeriya da ke unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York suna haya a bene ɗaya da 'yan Dominika da Puerto Rico, suna aiki tare a gidajen abinci da wuraren wankin mota, 'ya'yansu na aji ɗaya. Sabon zuwa kan tsinci kalma a wurin aiki ya maimaita bai san nauyinta ba. Duk wanda aka taɓa kira da aboki a tashar mota a Legas, cikin muryar da ke nufin jahili, ya san yadda abin yake a ƙirji. Kuma adalci ne mu tuna cewa nyamiri da arne daga bakinmu suke fita. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabai, ba ta kuma ware wata ƙabila ba.

To me za a ce? Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar a Amurka, don haka kalma ɗaya ba za ta gamsar da kowa ba. Hispanic da Latino duka karɓaɓɓu ne, mace kuma Latina. Na farkon ya danganci harshen Sifaniyanci, na biyun yankin Latin Amurka. Shi ya sa ɗan Brazil, mai jin Fotugisanci, ya shiga na biyu bai shiga na farko ba. Sabuwar kalmar Latinx ta fi yawo a jami'o'i. Binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2020 ya gano kashi 3 cikin 100 ne kawai ke kiran kansu da ita. Abin da da yawansu suka fi so shi ne a ambaci tushensu: ɗan Kyuba, 'yar Kolombiya, Ba'amurke ɗan asalin Meziko. Kiran kowa ɗan Meziko kuskure ne, kamar yadda kiran ɗan Puerto Rico baƙon haure kuskure ne, tunda tun 1917 'yan ƙasar Amurka ne.

Ko wanda ya shigo babu takarda, a faɗi halin da yake ciki ba tare da an mayar da shi sunansa ba. Tun Afrilun 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina siffanta mutum da haramtacce, ya ce aikin ne ke saɓa doka, ba mutumin ba. Ya kamata masu fassara labarai zuwa Hausa su duba wannan, domin baƙin haure ya zama mana abin faɗa a kan kowa, har da mai neman mafaka da ke jiran hukuncin kotu. Idan kuma maƙwabcinka ne ko abokin aikinka, tambaye shi sunansa da garinsu, ka koyi furta sunan daidai: José da Juan da sautin "h" suke farawa, ba "j" ba.