Injin ba ya karanta hoto, likita ke karantawa

Wani bawan Allah ne ya yi rubutu, wai har da likitocin hoto, wato masu karanta eksire da sikanin, a masu kukan albashi, alhali aikinsu zama a ɗaki mai sanyi suna kallon kwamfuta, kuma wai nan gaba kaɗan na'ura za ta karɓe aikin. Wallahi raina ya ɓaci, ba don shi kaɗai ba, sai don tarin mutanen da suka bi bayansa suna cewa gaskiya ya faɗa. Ba gaskiya ba ce, rashin sani ne.

Wanda ya kwantar da kai a kan injin ya ɗauki hoton daban, shi ma da nasa digirin da nasa ƙoƙarin, amma wanda zai duba ya ce ga abin da ke damunka cikakken likita ne. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 bautar ƙasa, sannan ya sake zama ɗalibi wajen shekara 5 ko 6 a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, yana zana jarrabawa kashi-kashi a kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, in ya faɗi ya sake biya ya sake zama. Kansa ya fara furfura kafin a kira shi konsoltan, wato babban ƙwararren likita.

Ɗakin da kuke cewa mai sanyi, ku leƙa shi ƙarfe biyun dare. An kawo yaro da ya faɗo daga babur, ba ya magana, an yi masa CT na kai, wato hoton cikin kai yanki-yanki, hotuna ɗaruruwa sun fito a jere, mutumin nan yana bin su ɗaya bayan ɗaya cikin duhu yana neman wani ɗan siririn fari tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, jini ne ya taru ko ba jini ba ne, likitan tiyata yana jiran kalmarsa, uwar yaron na zaune a ƙasa a baranda. Ko matar da ta zo da ciwon mara ana zaton ba komai, shi ne zai ɗora abin sikanin ya ce cikin a wajen mahaifa yake, a shiga da ita yanzu. Injin hoto kawai ya bayar. Mutum ne ya karanta.

Wai ai albashinsu ɗaya da sauran likitoci a tsarin albashin likitocin gwamnati, CONMESS. To sai me? Sauran ɗin ma ya ishe su ne? Kuɗin haɗari naira 5,000 aka yi shekara da shekaru ana ba likitan Najeriya a wata, sai a 2021 aka ɗaga. Wai ai suna samu a asibitocin kuɗi. Eh suna samu, mutum ya tashi aikin gwamnati ya bi cibiya biyu uku yana rubuta rahoto har dare, ido ya gaji, kuma gajiyayyen ido shi ke tsallake ƙari a huhu. Wannan ba abin alfahari ba ne.

Maganar na'ura kuwa tsohuwa ce. Tun 2016 Geoffrey Hinton, babban masanin ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin hoto don cikin shekara 5 kwamfuta za ta fi su. Shekarun sun wuce, har yau Ingila na kukan ta rasa kusan kashi 30 cikin 100 na likitocin hoton da take buƙata, a Amurka suna cikin likitocin da suka fi kowa albashi, Saudiyya na zuwa har Abuja tana ɗibar likitocinmu. Shi ya sa duk ɗalibin likita da ya tambaye ni nake ce masa fannin nan yana da gaba sosai, abin da ke ci mini rai kawai gaban nasa ba a gida yake ba. Ministan lafiya Ali Pate da bakinsa ya ce a 2024 likitoci kusan 16,000 sun fice cikin 'yan shekaru. Gwamna zai sayo injin hoton MRI na miliyoyi a yanka kyalle a yi ta tafi, ba wanda ya tambaya wa zai karanta abin da ya fito, sai talaka ya biya kuɗin hoto ya zauna kwana da kwanaki yana jiran rahoto. A biya mutanen nan su zauna, shi ne maganar.

Kuma don Allah jama'a ku daina yar da tsofaffin hotunanku. Eksire na bara, takardar sikanin, faifan CT, ku adana a ambulan, kar a naɗe kar a bari a rana, in za ku koma asibiti ku tafi da su, don sau da yawa sai an jera na da da na yanzu ake gane ko abu girma yake ko yana nan yadda yake. Masu jinyar tsofaffi musamman, ku riƙe wannan.