Ɗan wasan da ke karɓar albashi a kamfanin kwamfuta bai gaza ba

Da zarar an ji labarin wani da ya yi makarantar fim, ya koyi sarrafa murya da tsayuwa gaban kyamara, sannan aka gan shi rataye da katin ma'aikata yana rubuta manhaja a wani kamfani, sai masu sharhi su yanke masa hukunci: ai fim ne ya ƙi shi. Ni ban yarda ba. Abin da ya fi ba ni haushi, su ɗin nan ne dai ke tafi idan labarin ya juyo ta ɗaya gefen.

Nivin Pauly, jarumin finafinan harshen Malayalam a Indiya, ya yi aiki a kamfanin kwamfuta na Infosys a birnin Bangalore kafin fim ɗinsa na farko ya fito a 2010. Taapsee Pannu ma, jarumar finafinan Indiya, injiniyar kwamfuta ce kafin ta shiga fim. Kowa na son irin wannan labari: ya ajiye albashi ya bi burinsa. To amma waɗanda suka ajiye aikin, shekaru suka shuɗe ba a kira su ko fitowa ɗaya ba, wa ya taɓa yin hira da su? Labarin waɗanda suka haye kawai muke ji, sai mu ɗauka kowa ma hayewa yake yi.

A duba Amurka, inda ake ganin kuɗin harkar ya fi yawa. A 2023 ƙungiyar 'yan wasan fim da talabijin ta SAG-AFTRA, mai mambobi kusan 160,000, ta yi yajin aiki na kwana 118, daga Yuli zuwa Nuwamba. A lokacin ne jama'a suka ji cewa sai ɗan wasa ya samu kimanin dala 26,000 a shekara daga wasan kafin ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na mambobin ba sa kai wa nan. Kenan yawancin 'yan wasa dama da wata sana'ar suke ci. Wani yana raba abinci a gidan cin abinci, wani yana tuƙa motar haya. Ba mai ce musu sun gaza, har yabon juriyarsu ake yi. Sai wanda sana'arsa ta biyu ke biya da kyau ne ake gani kamar ya ci amanar fasaha. Wannan wace irin shari'a ce?

Mutumin da nake so a sani a nan shi ne Masi Oka. An haife shi a Tokyo a 1974, ya tashi a Amurka, ya kammala Jami'ar Brown a 1997 da digiri a lissafi da kimiyyar kwamfuta. Ya kama aiki a Industrial Light & Magic, kamfanin haɗa siddabarun fim da kwamfuta wanda mai shirya finafinai George Lucas ya kafa, inda ya rubuta manhajar da ke sa ruwan teku na kwamfuta ya yi tozo ya fashe kamar na gaske. Yana wannan aikin ne yake koyon wasa, yana ɗan fitowa nan da can. A 2006 aka ba shi rawar Hiro Nakamura a shirin Heroes na tashar NBC, sunansa ya zaga duniya, har ya shiga takarar lambobin yabo na Emmy da Golden Globe. Duk da haka bai yanke hulɗa da kamfanin nan take ba, ya ci gaba da yi musu aiki gwargwadon lokacinsa. Shekarun da ya yi yana jiran babbar fitowa, bai yi su cikin yunwa ba, kuma ni a ganina hakan na cikin abin da ya sa ya iya jiran.

Ɗan wasan da kuɗin haya ya taso shi gaba ba ya iya cewa a'a. Kowace fitowa aka miƙo zai karɓa, ko da za ta zubar masa da mutunci, kowace kwangila zai sa hannu ba tare da ya karanta ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin 2023 shi ne yadda kamfanoni ke ɗaukar surar fuska da jikin ɗan wasa su adana, su yi amfani da ita daga baya da ƙirƙirarriyar basira. Wanda ya san yadda ake sarrafa irin wannan sura, in ya ga sharaɗin a takarda zai tsaya ya yi tambaya. Mai albashi kuwa yana iya ajiye biron ya tashi.

Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da tasu gaskiyar. Kiran gwajin neman fitowa a fim kan zo ba shiri, ɗaukar fim na cin makonni, wasan daɓe na buƙatar atisaye kullum, shi kuma kamfani yana da ranar miƙa aiki wadda ba ruwanta da burin kowa. Tun annobar 2020 da aka koma ɗaukar gwaji da waya a gida ana turawa, abin ya ɗan yi sauƙi, amma jiki da murya in aka bar su shekara biyu a kujerar ofis sai sun yi tsatsa. Da yawa da suka ce na ɗan lokaci ne, ƙarin girma ya zo, iyali ya ƙaru, ba su dawo ba.

Kuma kada a ɗauka kujerar kamfanin dawwamamma ce. A Nuwamba 2022 Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000, a Janairu 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000. Ɗan wasan da ke Amurka yana riƙe da sana'o'in nan biyu, cikin wata takwas kacal ya ga ana kora a ɗaya, ɗayar kuma ta shiga yajin aiki.