Wanda ya tafi da iyali teku ba ya zaɓen wuri don kansa kaɗai

Ba zan kama suna ba, domin duk wanda ya san mu a nan Sakkwato ya riga ya ga hotunan, ya kuma karanta abin da aka rubuta a ƙasansu, wai iyali sun more. Ina morewar take? Mutum ya kwashi mai ɗakinsa da yara tun daga nan har garin Dahab na ƙasar Masar, ya yi musu alkawarin ganin kifaye da murjani da idonsu, sannan ya kai su Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku, ya goya tukunyar iskarsa ya nutse, ya bar su a bakin dutse suna gadin takalma. Hajiya ta sa gilashi ta leƙa ruwa sau ɗaya, ta ga shuɗi babu ƙasa, ta fito ba ta sake komawa ba. Madalla da Alhaji, lallai an kai iyali rakiya.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ta gundure ku: idan a cikin tafiyar akwai wanda ba ya nutso, iyakarsa ya kwanta a saman ruwa yana numfashi ta bututu, to shi ne ma'aunin zaɓen wuri, ba mai tukunya ba. Mai nutso yana da zaɓi, domin wanda ya sami takardar shaidar nutso ta matakin farko ma an yarje masa ya sauka har mita 18, kuma kusan duk inda aka kai shi zai sami abin kallo. Mai bututu kuwa abin da yake tsakanin mita 1 zuwa 5 shi ne rabonsa, tunda ruwa yana shanye launi tun daga sama, ja ne yake fara ɓacewa, abin da ya yi nisa kuma sai ya koma inuwa. Blue Hole rami ne mai zurfin kusan mita 100, kuma a jikin dutsen da yake kusa da shi akwai allunan tunawa da masu nutso da suka rasu a wurin. Wannan ne inda mai hankali zai fara koya wa yaro ɗan shekara 10 sa fuska a ruwa?

Na san za a ce mutane da yawa suna iyo da bututu a gefen ramin, kuma gaskiya ne, amma waɗanda suka saba da teku ne, ba wadda ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne gulbin Rima daga kan gada ba. Za a ce an sa musu rigar ceto. Rigar tana hana jiki nutsewa, ba ta hana zuciya tsinkewa. Mai cewa shi ya biya kuɗin jirgi don haka shi yake da zaɓi, ba ni da amsar da zan ba shi, sai dai in ce da ya tafi shi kaɗai da ya fi masa araha.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a cikin garin na Dahab akwai wurin da ake kira Lighthouse, inda ake shiga ruwa da ƙafa a hankali, masu koyon nutso suna atisaye a gefe, murjani yana farawa kusa da sama, gangaren kuma yana ci gaba da sauka yadda mai tukunya zai sami nasa zurfin. Gidajen abinci suna nan a bakin ruwan, wanda ya gaji ya fito ya zauna a inuwa ya sha shayi yana hangen 'yan uwansa. A wajen garin Marsa Alam, shi ma a Masar, akwai Abu Dabbab, lungun teku mai rairayi da ciyawar ruwa, inda manyan kunkuru suke kiwo, kuma dole su taso sama su shaƙi iska, don haka mai bututu yakan gan su kusa da fuskarsa. A Akaba ta ƙasar Jodan akwai tankar yaƙi da aka nutsar da gangan a zurfin da bai wuce mita 6 ba, ana ganin ta sarai daga sama. Wurare ne da miji zai nutse, mata ta bi shi daga sama tana kallon kumfar numfashinsa, su fito ta mashiga ɗaya da labari ɗaya.

Kada kuma shaharar wuri ta ruɗi kowa. Jirgin ruwan Liberty da yake Tulamben a tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, wanda aka harba a 1942, aman dutsen Agung kuma ya tura shi daga bakin teku zuwa cikin ruwa a 1963, samansa yana kusa da mita 5, ana ganin sa da bututu, amma bakin ruwan duwatsu ne masu gangarawa ƙarƙashin ƙafa, idan igiyar ruwa ta taso babba ma faɗuwa yake yi. Saboda haka ana tambaya tun kafin a biya kuɗi: yaya mashigar take, rairayi ce ko dutse, ruwan yana ja ko a kwance yake, jiragen ruwa suna ratsawa ta inda masu iyo suke, akwai inuwa da makewayi? Mai bututu yana saman ruwa, shi ne igiya take duka, shi ne rana take gasa wa baya, shi ne kuma injin kwalekwale yake iya samu. Na ƙasa bai san ana yi ba. Kuma don Allah a bar wa na sama babban mutum da ya iya iyo, domin wanda yake mita 15 a ƙasa ba zai iya yin tsalle ya fito ba idan yaro ya shaƙi ruwa, tunda saurin tasowa shi ma yana iya kai shi asibiti.

Wallahi ba don cin fuska nake wannan magana ba. Matar nan ta daɗe tana ɗokin tafiyar, ta ɗinka kayan iyo masu rufe jiki, kuma yanzu ta dawo tana cewa ita da teku har abada. Wannan asarar ce take damuna, domin da an fara da ita a ruwan da yake iya ƙirji, da yau ita ce mai neman a koma.

Har yanzu kuma ban san inda matar aure za ta je ta koyi iyo cikin sutura da natsuwa a garin nan ba. Ga Sarkawa a maƙwabtanmu Argungu suna nutso su kamo kifi da hannu ba tare da wata tukunya ba, amma 'ya'yanmu na birni suna gama jami'a ba su iya riƙe numfashi a cikin ruwa ba. Masu otal-otal da suke da wurin wanka, me zai hana ku ware wa mata yini ɗaya a mako, ku samo musu malama mace?