Mutum shida aka ɗaure, amma matansu ma sun sha ɗaurin

A watan Maris na 1834 wata kotu a garin Dorchester da ke kudancin Ingila ta yanke wa wasu leburorin gona su shida hukuncin shekara bakwai-bakwai. Ba a kurkukun garinsu za su yi zaman ba. Jirgin ruwa za a ɗora su a kai su Ostireliya, tafiyar wata uku zuwa huɗu a teku, inda gwamnatin Ingila ke jibge fursunoninta tun 1788. Jagoransu shi ne George Loveless, mutumin ƙauyen Tolpuddle, ɗan shekara 37, mai wa'azi a cocin Methodist. Yana da mata, Elizabeth, da yara uku.

Har gobe ƙungiyoyin ƙwadagon Ingila na taruwa a ƙauyen duk watan Yuli don tunawa da mutanen nan, kuma sun cancanta. Abin da ke ci mini rai shi ne sunayen maza shida ake karantowa, alhali hukuncin nan kan matan da aka bari a gida ya fara sauka, su da ba a taɓa kai su gaban alƙali ba, ba a kuma tambaye su komai ba.

Mene ne ma laifin? Albashin leburan gona a Tolpuddle sule tara ne a mako. Masu gonaki suka mai da shi takwas, suka mai da shi bakwai, aka fara maganar shida. Magidanci da iyali ba zai iya riƙe gida da wannan ba, kowa ya sani. A ƙarshen 1833 sai George da 'yan'uwansa suka kafa ƙungiya, kuɗin shiga sule ɗaya, sannan kwabo ɗaya duk mako. Kafa ƙungiyar ƙwadago ya daina zama laifi a Ingila tun 1824, don haka babu ta inda za a kama su ta nan. Amma sabon shiga yakan yi rantsuwa a ɗakin Thomas Standfield, ɗaya daga cikin shidan, an ɗaure masa idanu, da zanen ƙwarangwal a gabansa. Wani mai gonaki kuma majistare, James Frampton, ya rubuta wa ministan cikin gida Lord Melbourne, aka tono wata doka ta 1797 da aka yi don sojojin ruwa masu bore, wadda ta hana rantsuwar asiri. Da ita aka ɗaure manoma. Shugaban waɗanda suka amince a gurfanar da su, William Ponsonby, surukin Melbourne ne. George ya gaya wa kotu ba su taɓa mutuncin kowa ko dukiyar kowa ba, sun haɗa kai ne don kada yunwa ta kashe su da matansu da 'ya'yansu. Alƙalin bai ɓoye ba, ya ce hukuncin don ya zama darasi ga wasu ne.

Kora daga ƙasa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Turawan nan ne suka kai Sarkin Kano Alu Lakwaja har ya rasu a can a 1926. Amma mu kan manta cewa tun kafin su zo mana sun daɗe suna yi wa talakawansu haka, kuma da yawa.

Yanzu ku dubi gida ɗaya. Diana Standfield 'yar'uwar George ce. A rana guda, 24 ga Fabrairu, aka tafi da mijinta Thomas, da ɗanta John, da 'yan'uwanta biyu, George da James. Wanda ke ciyar da ita, da wanda zai tsaya mata in babu miji, da waɗanda za ta koma wa in abu ya ɓaci, duka an haɗa su an tasa ƙeyarsu da ƙafa zuwa Dorchester. Ga sauran yara a gabanta. A lokacin akwai ɗan tallafin da hukumar gunduma ke ba matalauta, amma majistarorin yankin, su Frampton, suka hana iyalan. Hujjarsu ita ce wanda ya iya biyan kuɗin ƙungiya ba matalauci ba ne. Kwabo ɗaya a mako! Wannan da gangan aka yi, don duk matar lebura a yankin ta ga halin da Diana da Elizabeth suka shiga, ta koma gida ta hana mijinta. Wallahi a wurina wannan ya fi hukuncin kotun muni, domin shi na kotu ko ba komai an karanta tuhuma. Da ba don 'yan ƙwadago daga Landan da wasu garuruwa sun yi karo-karo sun aiko musu ba, Allah kaɗai ya san yadda za su ƙare.

Su kuwa mazan, aka fara ajiye su cikin tsofaffin jiragen yaƙi da aka mayar kurkuku a Portsmouth, da mari a ƙafa. Biyar aka kai su Sidni. George ba shi da lafiya lokacin, sai daga baya aka tura shi shi kaɗai tsibirin da ake kira Tasmaniya a yau, ya sauka Hobart a watan Satumba na 1834. Ya yi aikin hanya cikin masu sarƙa, sannan aka mai da shi gonar gwamnati yana kiwo. Tsarin wurin shi ne a raba fursunoni ga masu gonaki su yi musu aiki ba lada, in mutum ya yi gardama a kai shi gaban majistare a tsula masa bulala. Ƙasar da ake nomawa kuma ƙwato ta aka yi daga 'yan asalin wurin, waɗanda gwamnan tsibirin, George Arthur, ya sa aka yi wa farauta a 1830. Talakan da aka zalunta aka sa ya share filin wanda aka fi zalunta.

John Standfield ya yi sa'a, gonar da aka kai shi ba ta da nisa da ta mahaifinsa. Da ya samu izini ya je, sai ya tarar da tsohon duk jikinsa gyambo, yana kiwon tumaki a daji, makwancinsa wani akwatin katako ne mai tsawon ƙafa shida da faɗin da bai kai ƙafa biyu ba. Ɗa yana kallon ubansa a haka, ba shi da ikon ɗauke shi, shi ma mallakin wani ne.

Wurin da labarin ya fi taɓa ni shi ne maganar wasiƙa. Hukumomin tsibirin sun yi ta matsa wa George ya kira iyalinsa su zo su zauna, domin wanda matarsa ta biyo shi ba ya komawa Ingila ya tayar da ƙura. Ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya rubuta wa Elizabeth a farkon 1836 ya ce ta taho. Ana haka a Ingila kuma surutu ya yi yawa. Tun 21 ga Afrilun 1834 dubban mutane suka yi gangami a Landan, aka tara sa hannu wajen 800,000 a takardun koke, 'yan majalisa kuma suka riƙa tambaya: ƙanin sarki, Duke na Cumberland, ai shi ma shugaban ƙungiya ne mai rantsuwar asiri, me ya sa ba a kai shi Ostireliya ba? A watan Maris na 1836 aka yi wa mutum shidan afuwa baki ɗaya. George a jarida ya ga labarin. Ga 'yanci ya samu, amma ba halin tafiya, don bai sani ba ko matarsa da yaransa suna kan teku suna tahowa. Wasiƙa sai ta yi watanni kafin ta isa, amsarta ma haka. In ya hau jirgi suka yi saɓani, ya bar mace da ƙananan yara a ƙasar fursunoni ba su san kowa ba. Dole ya zauna har ya tabbatar ba ta taso ba, sannan ya kama hanya. Ya isa Landan a watan Yuni na 1837.

Kada a manta, waɗannan su ne masu gata a cikin ɗaurarru. An san sunansu, an yi musu gangami, an biya musu kuɗin jirgi. Tsakanin 1788 da 1868 mutum wajen 162,000 aka kai Ostireliya, kusan 25,000 mata ne, mafi yawa kan sata, sau da yawa ƙaramar sata. Wanda ya gama shekarunsa gwamnati ba ta mai da shi gida, sai dai ya nemi kuɗin jirgi da kansa, kuma kaɗan ne suka iya. Ke nan shekara bakwai a takarda, rabuwar har abada a zahiri. Matar da aka bari ba ta da miji, ba a sake ta ba, ba ta kuma yi takaba ba. Wasu an ba su izinin bin mazansu, da yawa sun nema ba su samu ba. Da yawa daga mazan sun sake aure a can, matan ma suka yi a gida, kuma ni ban ga bakin zargin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kafin jirgi ya tashi, fursunoni kan samu kwabon tagulla su goge shi har ya yi sumul, su zana sunansu da shekarun hukuncinsu da 'yar kalmar roƙon kada a manta da su, su ba uwa ko mata. Ɗaruruwan irin waɗannan kwabban suna gidan tarihi a Ostireliya yanzu. Shi ke nan gadon da yara da yawa suka samu daga uba.

Ko waɗanda suka dawo ɗin, gida bai koma yadda yake ba. Kwamitin da ya tsaya musu ya kama wa biyar daga ciki hayar gonaki a Essex, ɗaya daga cikinsu, James Brine, ya auri Elizabeth 'yar Thomas Standfield a can. Amma manyan yankin ba su so su, limamin coci har huɗuba ya yi a kansu, yana kiran su fursunoni. A tsakiyar shekarun 1840 suka sake tattara kaya suka yi hijira zuwa Kanada, kusa da wani garin da shi ma ake kira Landan a lardin Ontario. Elizabeth matar George da ta tsira daga tafiyar Tasmaniya sai da ta hau tekun dai. A can suka rufe bakinsu, har ana cewa yaran da aka haifa daga baya sun girma ba su san an taɓa ɗaure iyayensu ba. Mutumin da ya tsaya gaban alƙali ya ce bai cuci kowa ba, ga shi yana ɓoye wa 'ya'yan cikinsa abin da wasu ke yi wa biki. George ya rasu a can a 1874.

Cikin shidan, James Hammett kaɗai ya ƙare rayuwarsa a yankinsu. Shi ne na ƙarshen dawowa, a 1839. An ce bai ma halarci taron rantsuwar ba, ɗan'uwansa John Hammett ne ya je, shi kuma ya yi shiru aka tafi da shi saboda matar John tana da tsohon ciki. Nasa gidan ya sha abin da ya kare gidan ɗan'uwansa daga sha. Ya koma leburan gini a Tolpuddle, da tsufa ya zo ya makance, sai ya shiga gidan gajiyayyu na Dorchester don kada ya zama nauyi ga iyalinsa. A can ya mutu a 1891.